Tambaya da Amsa: 'Yan Ƙananan Motocin da Manyansu Ba Su Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Sati biyu da suka wuce na saka hoton shogilas ɗin da nake jera 'yan motocina a wannan fili, nace duk waɗanda ke layin sama babu ko ɗaya da aka taɓa ƙera babbarta domin sayarwa, to tun daga ranar saƙo bai daina shigowa ba, wasu tambaya, wasu gardama, wasu kuma cewa suke in sa musu kuɗi su saya. Ba na sayarwa bane. Amma tambayoyin ga su nan, masu kama da juna na haɗe su waje ɗaya, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri dan Allah.

TAMBAYA: Kawu barka da ƙoƙari. Ni abun da ya ɗaure min kai, ta yaya kamfani zai kashe uban kuɗi ya ƙera mota mai kyau haka sannan yaƙi sayarwa? Ko dai duk zanen kwamfuta ne ake yaudarar mu da shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana ba zanen kwamfuta bane, yawancinsu motoci ne na gaske da bodi da taya da sitiyari, wasu ma har gudu suke. Turawa konsef suke ce musu, ni kuma motar nuni nake cewa, domin aikinsu kenan, a kai su baje kolin motoci irin na Faris ko Detroit a ɗora kan dandamali jama'a su sha kallo, 'yan jarida su ɗauki hoto, kamfani kuma ya kasa kunne yaji me ake faɗa. Kamar tela ne da zai zauna ya ɗinka riga guda ɗaya ya zuba mata duk aikin da ya iya ya rataye a ƙofar shago, ba wanda yayi oda, so yake mai wucewa ya san irin hannun da ke cikin shagon. Wadda aka fi ɗauka a matsayin ta farko ita ce Buick Y-Job ta 1938, wadda Harley Earl na kamfanin General Motors ya jagoranci zanenta, kuma shi da kansa ya riƙa hawanta shekaru yana zuwa aiki da ita.

To me yake hana a ƙera su da yawa? Yawanci kuɗi ne da lokaci. Ɗauki Cadillac Sixteen, an nuna ta a Detroit a 2003, injinta silinda 16 ne lita 13.6, ƙarfin doki 1,000, bonet ɗinta daga gefe biyu yake buɗewa kamar fukafukai irin na tsohuwar Cadillac ta 1930, har agogon Bulgari aka saka mata a dashbod. Duk wanda ya ganta ya yaba, amma kafin a ƙera irinta don kasuwa sai an gina mata layi a masana'anta, sai an fasa da yawa a gwajin haɗari, sai ta cika dokar hayaƙi, kuma duk wannan don mutum nawa? Shekara shida bayan nan, a 2009, General Motors ɗin ma kanta karyewa tayi sai da gwamnatin Amurka ta tallafe ta. Lamborghini Estoque mai ƙofa huɗu ita kuma rashin sa'ar lokaci ce ta same ta, an buɗe ta a Faris a 2008 daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani, aka ajiye maganarta, daga baya kamfanin ya karkata ga jif ɗin Urus. Bugatti 16C Galibier ta 2009 ma haka, mai ƙofa huɗu ce, an yi ta jan magana shekaru sannan aka barta aka yi Chiron.

Wadda ta fi ba ni takaici Jaguar C-X75 ce, domin ita har alkawari aka yi. A 2010 aka nuna ta da wasu ƙananan injina biyu irin na jirgin sama masu caja batir, a 2011 kamfanin yace zai ƙera guda 250 tare da Williams masu motocin tsere, aka canza injin, aka gina na gwaji, sai a Disambar 2012 aka ce an fasa, wai yanayin kasuwa bai dace ba. Ka ga an ɗora tukunya, an hura wuta, ruwa ya tafasa, sannan aka sauke.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba don sayarwa aka yi su ba. Maybach Exelero ta 2005 guda ɗaya tak ce a duniya, kamfanin taya na Fulda ne ya sa aka gina ta a birnin Turin na Italiya don ya gwada tayarsa, tayi gudun kilomita 351 a awa a filin Nardo na Italiya, aikinta ya ƙare kenan. Ita kuwa Marsandi C111 mai launin ruwan lemo da ƙofofi masu ɗagawa sama, ta 1969 da ta 1970, attajirai har cek suka riƙa aikawa kamfanin ba tare da sun rubuta adadi ba, cewa suke a cike ko nawa ne a ba su, amma Marsandi taƙi, domin injin Wankel da ke cikinta shan mai ne da shi kuma bai kai ingancin da za su yarda su ɗora sunansu a kai ba.

Shi yasa nake tara ƙananansu. Babbar tana kulle a gidan tarihin kamfani ko garejin wani mai kuɗi da ba za ka taɓa shiga ba, wata ma babu ita kwata kwata. 'Yar ƙaramar ce kawai za ka riƙe a tafin hannu ka juya ka ga abun da mai zanen ya hango.

TAMBAYA: Malam mene ne ma'anar 1:18 da 1:43 da nake gani a jikin kwali? Na yi oda ta intanet ina zaton babba ce sai ga abu kamar ashana. Daga wani mai shagon waya a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa ba cutarka aka yi ba, lambar ce baka duba ba. Abun da take nufi shi ne an raba tsawon motar gaske gida kaza an ɗauki kashi ɗaya, don haka duk sanda lambar baya ta ƙara yawa motar ƙara ƙanƙancewa take. Bari in maka lissafi da Vision Mercedes-Maybach 6 ta 2016, doguwar jar motar nan mai aiki da lantarki, tsawonta mita 5.7 ne. A 1:18 za ta zo maka wajen santimita 32, ta ɗan fi rular 'yan makaranta. A 1:43 santimita 13 da 'yan kai, ta cika tafin hannu. A 1:64, wato girman motocin wasan yara na kamfanonin Hot Wheels da Matchbox, ba ta kai santimita 9 ba. Akwai kuma 1:8 irin wanda kamfanin Amalgam na Bristol a Ingila ke yi, wannan sai ta wuce santimita 70, kuɗinta kuwa ya sayi motar hawa mai lafiya.

Ni shawarata ga mai son motocin nuni 1:43 ce. Tsohon ma'auni ne, daga 'yan jiragen ƙasa na wasa ya samo asali, kuma a nan ne zaka fi samun motocin da ba kowa ya sani ba, sannan kanta ɗaya sai ta ɗauki talatin. 1:18 tafi daɗin kallo ba musu, amma guda goma sun cinye maka rabin falo. Abu ɗaya dai, ka tsaya a ma'auni ɗaya in zaka iya, domin daɗin abun shi ne ka ajiye Lancia Stratos Zero ta 1970 wadda tsayinta daga ƙasa santimita 84 ne kacal, kusa da Cadillac Sixteen, ka ga bambancin da idonka kamar yadda zai kasance da suna tsaye a fili ɗaya.

TAMBAYA: Yallabai wallahi raina ya ɓaci. Na biya kuɗi masu yawa na sayi wata a 1:18, da tazo ƙofa ba ta buɗewa, bonet baya buɗewa, taya ma bata juyawa, alhali ta ɗana da na saya masa a kasuwa da kuɗi kaɗan komai nata buɗewa yake har fitila take kawowa. Wannan ba jabu bace? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

AMSA: Ranka ya daɗe ba jabu bace, rezin ka saya, kuma dan Allah kar ka sa ƙarfi kace sai ka buɗe ƙofar, karyewa zata yi.

Kala biyu ne manya. Akwai ta ƙarfen zubi, ana narka wani haɗi da ake kira zamak, tutiya ce mafi yawa sai alminiyam da maganiziyam da jan ƙarfe kaɗan kaɗan, a tura shi da ƙarfi cikin mol na baƙin ƙarfe. Ita ce mai nauyi da sanyi a hannu, ita ce ƙofarta ke buɗewa. Matsalar, sassaƙa wannan mol ɗin tsada ne da shi sosai, sai kamfani ya tabbata zai sayar da dubbai kafin ya fara. To Ferrari ko Marsandin da kowa ya sani za'a sayar da dubbai, amma mutum nawa ne a duniya ke neman Ferrari Pinin ta 1980, mai ƙofa huɗu da kamfanin zanen motoci Pininfarina ya gina guda ɗaya don bikin cikarsa shekara 50? Ba su da yawa. A nan rezin ya shigo, wani ruwa ne mai kauri kamar danƙo da ake zubawa cikin mol na roba ya daskare yayi tauri, mol ɗin ba tsada amma baya daɗewa yake lalacewa, shi yasa ake yin ɗari biyu ko ɗari uku a tsaya. Akwai wani kamfani a Jamus AutoCult, aikinsa kenan fito da motocin da aka manta da su, kuma kowace guda 333 yake yi a 1:43.

Abun da ka rasa na buɗe ƙofa ka same shi a wani wajen. Ɗauko ta ɗanka ka ajiye kusa da taka ka duba layin ƙofa, zaka ga na ƙarfen da faɗi kamar an tsaga da wuƙa, ga hinji ƙato a ciki, fenti kuma yayi kauri ya cike ƙananan zane. Ta rezin layinta siriri ne, gefunanta da kaifi, kuma motar nuni ai sura ce gaba ɗayanta, surar aka ƙera ta dominta. Alfa Romeo Carabo ta 1968 da Marcello Gandini ya zana, in layinta ya kauce ko kaɗan ta tashi daga Carabo.

Amma fa ban ce rezin ya fi a komai ba. Ni kaina mota irin Carabo mai ƙofar almakashi, ko C111, raina yafi so in samu wadda ke buɗewa, domin ƙofar tana cikin labarin. Kuma gaskiya masu sayarwa da yawa basa rubuta cewa a rufe take, wannan kuwa rashin adalci ne. Kafin ka biya ka tambaya, rezin ce ko ƙarfe, kuma a turo maka hoton ainihin wadda za'a aiko, ba na talla ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ya cika ɗaki da waɗannan motocin wasan yara, baya bari kowa ya taɓa, in yaro ya matsa kusa sai faɗa. Kunya nake ji in baƙi sun zo. Dan Allah ka faɗa min gaskiya, wannan ba almubazzaranci bane ga magidanci? Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Hajiya lafiya lau, kuma nagode da kika fito fili kika tambaya. Tambayoyi zan fara miki. Cefane yana tsayawa saboda motocin? Kuɗin makarantar yara yana makara? Yana cin bashi ya saya, ko yana ɓoye miki farashi? In amsar ɗaya daga ciki eh ce to maigida yayi kuskure kuma ki nuna masa wannan shafin, ni mai tara motocin ne na faɗa, haƙƙin iyali yana gaba da duk abun da ke cikin shogilas, babu wata 'yar mota da ta kai buhun masara a gidan da babu. In kuwa yana sauke nauyinsa, daga abun da ya rage ne yake saya, to ki sassauta masa. Wani kiwon tantabara yake, wani doki, wani kallon ƙwallo har tsakar dare, naki mijin yana gida kusa da ke yana goge 'yan motoci.

Kuma ki tambaye shi wata rana ko yayi motar kara yana yaro. Na tabbata zai ce eh. Mu da muka taso bayan an yi girbi ana tara karan dawa, zama muke a gindin bishiya da reza, a fere bawon a soke cikin ɓargon, a yanka tsohon silifa ko sakaina ayi taya, wani yayi ta gwangwanin madara, wani ta waya da dogon sitiyari yana tafe yana tuƙi yana kukan injin da baki. Kuma in kin lura babu yaron da ke kwaikwayon motar da ya gani daidai, sai ya ƙara mata tsawo, ya ƙara taya, ya sa fitila shida. Motar da babu ita a titi yake ƙerawa. Wallahi ranar da na fara ganin hoton Ferrari Modulo ta 1970, wadda ta kwanta ƙasa kamar faranti tayoyinta a rufe, abun da ya faɗo min kenan, wannan ma wani yaro ne da ya girma aka bashi ƙarfe a madadin kara.

Inda ban goyi bayan maigida ba shi ne faɗa da yara. Alhaji in kana karantawa, ka sayo musu nasu masu araha na ƙarfe su yi ta turawa a tsakar gida, sannan lokaci lokaci ka buɗe shogilas ka zaunar da su ka ɗauko ɗaya ka basu labarinta. Yaron da aka nuna wa ya riƙe a gabanka ba shi ne zai saci jiki ya ɗauka in ka fita ba.

TAMBAYA: Kawu gilashin gefen wata motata ya ɗago ya lanƙwashe, wata kuma fentinta yayi ƙuraje. Me ya jawo? Daga wani matashi a Sakkwato.

AMSA: Zafi ne ɗana, kuma kai da kake Sakkwato sai ka ninka kula. Waɗannan abubuwan ba'a yi su da tunanin watan Afrilu na ƙasarmu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ɗaki mai rufin kwano ya koma tanda. Gilashin ta rezin wata 'yar leda ce siririya da aka manna da gam, in zafi ya dake ta gam ɗin ya saki sai ta ɗago. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, na bar guda biyu a kanta kusa da taga na yi tafiyar sati uku, na dawo na tarar da gilashin gaban ɗaya ya buɗe baki, farar kuma ta fara komawa ruwan ƙwai ta gefen da rana ke bugawa, har yau in na kalle ta sai naji ba daɗi. Gyaran gilashin, ka samu farin gam irin na kafinta ka ɗiga ɗan mitsitsi da tsinken sakace ka danna a hankali. Kar ka kuskura ka sa sufa gulu, tururinsa yana sa gilashi yayi fari fat kuma baya fita.

Ƙurajen fenti a ta ƙarfe suke fitowa, in ƙanana ne a barsu kawai. Wanda ake tsoro shi ne ciwon tutiya, in tun a masana'anta dalma ta gurɓata haɗin ƙarfen, bayan shekaru sai bodin ya fara kumbura yana tsagewa, ƙofa taƙi rufuwa, ƙarshe ya ruguje kamar busasshen tuwo. Ba shi da magani, kuma laima tana hanzarta shi, don haka da damina ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin shogilas ɗinka.

Sai hunturu. Ƙurar nan mai laushi ko ta ina shiga take, kuma in ka goge da tsumma kana karce fenti ne ba ka sani ba. Burushin kwalliya na mata, sabo mai taushi, shi ne maganin, kana kaɗewa sama sama. Madubin gefe da eriya da waifa kar ka bi ta kansu. Wani abu kuma da mutane basa lura, tayar roba in ta daɗe a kan fentin katako ko filastik tana narkewa ta manne, sai ka yanka 'yar takarda ka sa a ƙarƙashi. A dashbod ɗin mota kuwa ko na wuni ɗaya kar ka ajiye.

TAMBAYA: Ina sha'awa amma ni ɗan sabis ne, alawus ɗina bai taka kara ya karya ba. Ta ina zan fara? Daga wani mai yi wa ƙasa hidima a Bauchi.

AMSA: Ta gwanjo zaka fara ƙanena, kuma ba abun kunya bane, wasu daga cikin waɗanda nafi ji da su a cikin tarin kayan wasa na gwanjo na tsinto su, irin wanda ake zubewa a ƙasa a kasuwanni kamar Ƙofar Wambai a Kano. Abun mamakin shi ne kamfanonin motocin yara suna son motocin nuni, domin su ke ɗaukar ido. Hot Wheels sun yi Cadillac Sixteen, sun yi Lamborghini Estoque, sun yi Ford GT90 ta 1995, sun yi Mazda Furai. In ka ɗauki mota ka juya cikinta, yawanci sunan motar da na kamfanin da ya yi ta suna rubuce a ƙasa, sai ka duba a wayarka kafin ka taya. Wadda ba suna ko ɗaya a ƙasanta, ga kiɗa ga fitila mai walƙiya, ta wasa ce kawai, ka barwa yara.

In ka ɗan samu sarari ka matsa zuwa Norev na Faransa, tsohon kamfani ne tun 1946, 'yan gidan Véron ne suka kafa shi suka juya sunansu ta baya, kuma su ke yin motocin nunin Fijo da kuɗin da mutum zai iya. Mu da muka taso da 504 da 505 na Kaduna, Fijo a wajenmu motar tasha ce da ta gwamnati, mai jure ramuka, to ka nemo Peugeot 907 ta 2004 mai silinda 12, ko Onyx ta 2012 ka sha mamaki. Onyx ƙofofinta da gefunanta na jan ƙarfe ne zalla da aka bari ba fenti da gangan don ya riƙa canza launi da shekaru kamar tsohuwar tasa, dashbod ɗinta kuma da tsofaffin jaridu aka matse aka yi shi, injinta na dizal ne silinda 8 irin na motarsu ta tseren Le Mans. Duk baƙon da ya zo gidana na ce masa wannan Fijo ce sai ya sake dubawa.

In zaka yi oda daga waje ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan tun kafin ka biya, sau da yawa sun kai kuɗin motar. Ku haɗu ku biyu ko uku a sa a kwali ɗaya. Kuma ka roƙi mai sayarwa ya ɗaure ta da sukurunta a kan katakonta, in ba haka ba tana yawo a kwali sai ta iso ba madubi.

TAMBAYA: In na tara, nan gaba za su yi tsada in ci riba? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji in riba kake nema ka sayi fili ko ka ɗaure rago. Manyan na gaske kam suna tsada, Alfa Romeo BAT guda uku da Franco Scaglione ya zana a 1953 da 1954 da 1955 an yi gwanjonsu tare a 2020 kan dala miliyan 14.8, amma wannan kasuwa daban ce. Ƙananan, wasu kan tashi in an daina yinsu, sai kuma wani kamfani ya fito da sabuwa da ta fi kyau farashin tsohuwar ya faɗi rana ɗaya. Sannan mai saye yana Turai ko Japan, kai kana nan, kuɗin aikawa ya cinye ribar. Abun da zan ce dai kar ka yar da kwali da 'yar takardar lamba da ke zuwa da ita, domin ko musaya zaka yi da wani mai tarawa su zai fara tambaya.

TAMBAYA: Baba a cikin duka wacce ka fi so? Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: 'Yata, waɗanda manyansu suka salwanta. Da yawa ba'a san cewa kamfanoni da kansu suke sa a lalata motocin nuni ba in an gama da su, don gudun kar wani ya hau yayi haɗari a kama su da laifi. Wasu motocin baje kolin Motorama na General Motors haka aka tura su wata bolar tsofaffin motoci mai suna Warhoops a jihar Michigan, masu wajen basu murƙushe su duka ba, sai a ƙarshen shekarun 1980 wani mai tara irinsu Joe Bortz ya gano su, Chevrolet Biscayne ta 1955 a yanke gunduwa gunduwa ya same ta, ya kwashe ya haɗa. Waɗannan sun yi sa'a. Mazda Furai, wadda sunanta ke nufin ƙarar iska, bata yi ba, wuta ta kama ta a 2008 a wani filin jirgi a Ingila lokacin da mujallar Top Gear ke ɗaukar hotonta, ta ƙone ƙurmus, ba'a ma sanar da duniya ba sai 2013.

Amma wadda ke tsakiyar layin sama a shogilas ɗina Chrysler Norseman ce. A Amurka aka zana ta ƙarƙashin Virgil Exner, shugaban masu zanen motocin Chrysler, aka aika zanen Turin kamfanin Ghia suka gina ta da hannu sama da shekara guda. Abun da ya bambanta ta rufinta ne, babu ginshiƙi a gaba ko a tsakiya, daga baya kawai aka riƙe shi ya miƙo gaba kamar rumfa ya sauka kan gilashi, direba yana ganin ko'ina ba abun da ya tare masa ido. Da aka gama aka sa ta a akwati aka loda a jirgin ruwan Andrea Doria daga Genoa zuwa New York. Daren 25 ga Yulin 1956, cikin hazo kusa da tsibirin Nantucket, jirgin yayi karo da wani mai suna Stockholm, washegari ya nutse. Mutum 51 ne suka rasa rayukansu a jiragen biyu, wannan shi ne babban rashin, mota ba komai bace a kansa. Ita dai tana can ƙarƙashin teku sama da mita 70, ba'a taɓa nuna ta ga jama'a ba, yawancin waɗanda suka zana ta ma basu taɓa ganinta da ido ba.

Hotuna 'yan kaɗan ne suka rage, akasarinsu baƙi da fari, daga su ne masu yin ƙananan suka auna suka fitar da ita, shi yasa zaki ga launinta ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Tawa 1:43 ce ta rezin. In zan ɗauke ta ta ƙasa nake tallafowa da yatsu biyu, bana taɓa rufin, domin a ƙaramar ma ba abun da ya riƙe shi ta gaba sai 'yar ledar gilashin nan.

Mai tambaya daga Yamai kan yadda ake haɗa shogilas da fitila a ciki, taka sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu, ina so in fara zama da kafintan da ya yi min nawa in samo maka awo daidai.